Makon da Landan ta ɓace mana a Tudun Wada

Kawuna mai gyaran rediyo ne, kuma a shagonsa na yi rabin ƙuruciyata. Shagon yana Tudun Wadan Zariya, cikin wani lungu da ke ɓullewa titin Kongo. Ƙarami ne ainun, in mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo wuya. A 1989 ina tsakiyar sakandare. Da an tashi makaranta can nake zarcewa ko kayan makaranta ban tuɓe ba. Aikina in hura gawayi a ɗora ƙarfen narka dalma idan an ɗauke wuta, in kuma bi cikin akwatunan da tsohon buroshin haƙori ina kakkaɓe ƙura da ƙwan kyankyasai. Har yau in na ji ƙaurin dalma, ko tsamin batirin da ya daɗe har ya zubar da ruwa, sai in ji ni zaune a kan ɗan bencin nan mai ƙafa ɗaya gajera.

Wanda ya tashi da waya a hannu sai an zaunar da shi kafin ya gane matsayin gajeren zango a wurinmu. Mai shayi yana da rediyo, tela yana da ita, mai gadi yana rataye da tasa a kafaɗa. Mita 16, mita 19, mita 25, mita 31, mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya haddace waɗannan lambobi, ya san inda BBC take, ya san inda zai tarar da Muryar Jamus da Muryar Amurka da Mosko. Bayan isha'i majalisa takan cika a ƙofar shagon, a shimfiɗa tabarmi, Kawu ya fito da babbar National ɗinsa ya zare eriya har ƙarshe. A watan Fabrairun shekarar ne sojojin Tarayyar Sobiyet suka gama ficewa daga Afganistan. Mun yi makonni ana musu a kai, tela yana jero sunayen garuruwan ƙasar kai ka ce can aka yanke masa cibiya.

Sai dai ba don musu kaɗai ake kasa kunne ba. Mulkin soja ake yi, Janar Babangida ke kan kujera, kuma mun riga mun koyi cewa ta cikin rediyo ƙasa take canza hannu. Ranar 31 ga Disamba 1983 da badujala aka tashe mu. Ranar 27 ga Agusta 1985 ma haka. Ga kuma Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya faro daga Kafanchan ya iso Zariya. Na ga hayaƙi ya turnuƙe sama, na ji gudun mutane a lungunmu cikin dare, Inna ta tura mu ƙuryar ɗaki ta ja ƙyaure ta zauna a bayansa tana ta salati ƙasa-ƙasa. A kwanakin dokar hana fita, muryar rediyo kaɗai ke shigowa gida. Tun daga nan tsoro ya samu wurin zama a unguwar. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi.

Ranar Litinin 6 ga Maris, tsakanin azahar da la'asar, ana zafin farkon bazara da ke sa kwanon rufi ya riƙa ƙas-ƙas, Kawu yana gwada wata Philips da ya gama yi wa aiki. Ana cikin magana daga Landan sai muryar ta fara ja da baya, tana ja, tana ja, har ta nutse. Ba wata ƙara ce ta danne ta ba. Zangon ne ya zama fayau, sai ɗan huci siriri. Ya murɗa zuwa mita 19, babu. Mita 25, babu. Ya jawo tasa wadda ya amince da ita, ita ma gum. Ya juyo ya kalle ni kallon wanda ake zargi da taɓa abin da ba a sa shi ba. Can an jima tashoshin suka fara dawowa da kansu, masu ƙananan lambobi tukuna, mita 16, sannan 19, sauran suka biyo a hankali. Na ga ya ɗauki fensir ya rubuta wani abu a bayan kwalin batir. Bai ce mini komai ba.

Abin ya yi ta maimaituwa cikin makon, wata rana kaɗan, wata rana sosai, sai ga mutane sun fara layi da rediyoyinsu. Na fi tuna wani dattijo daga Gyallesu. Ya kawo tasa naɗe cikin tsohon rawani, tana sanye da rigar leda da aka ɗinka mata, har da aljihun batir a baya.

"Malam, ta fara ƙin magana da rana. Da asuba lafiya lau, rana na yi sai ta yi mini shiru."

Kawu ya kwance bayanta, ya ɗora mitar gwaji nan da can, ya hura ƙura, ya mayar ya ɗaure.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Iska ce ba kyau kwanan nan. Ku koma da ita gida."

"Nawa zan bayar?"

"Ko kwabo."

Dattijon ya tafi ransa bai so ba, don mutum ya fi yarda da mai gyaran da ya karɓi kuɗinsa. Ni ma, in gaya maka gaskiya, haushi na ji. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, mudun shinkafa ya fara fin ƙarfin gidaje irin namu, ga ciniki ya kawo kansa har ƙofa ana korarsa. Na san akwai masu gyaran da ke canza wa mutane taransista mai rai su karɓi kuɗi. Da na yi ƙorafi, Kawu bai ko ɗago kai ba. "Kai yaro, in na cire abin da bai mutu ba, gobe ta sake yi masa shiru, da wane ido zan kalle shi?"

Daren Litinin 13 ga Maris ne ya tsaya mini a rai. Watan Sha'aban ya ɗan yi ƙwari, yana ta yamma cikin ragowar ƙurar hunturu. Majalisa ta cika. Kawu ya kunna. Wannan karon ba shiru ba ne. Muryar tana zuwa tana karkarwa da sauri-sauri, kalma ta shigo rabinta ya tsinke, gurnani ya biyo, ta ɗago, ta sake faɗuwa, daga nan ta ɓace ɗungurungum. Jamus haka. Amurka ko alama. Mosko da kullum take cika zango da ƙarfinta, ko tarinta ba mu ji ba.

Wani daga bakin tabarma ya ce, murya ƙasa, "An yi juyi."

Ba wanda ya amsa masa, kuma wannan ya fi amsar muni. Wani tsohon soja da ke zama da mu ya ce ya san aikin, toshe tashoshin waje aka yi kada a ji abin da ke faruwa a Legas. Mai shayi ya fara harhaɗa kofuna. Maƙwabcinmu mai kemis, mutumin kudu, wanda ya shekara goma yana shan shayi a majalisar nan, ya miƙe ya ce sai da safe tun lokaci bai yi ba, na ji shi yana datse ƙofarsa, kwaɗo na farko, kwaɗo na biyu. Bakina ya bushe ƙamas. Na kama lissafin taku nawa ne daga nan zuwa ƙofar Inna, da ko zan iya yin su da gudu cikin duhu ban faɗa kwata ba.

Kawu ya danna maɓalli ya koma matsakaicin zango. Rediyo Kaduna ta fito tangaran, shirinta take yi na yau da kullum, babu badujala, babu baƙuwar murya. Ya bar ta ta ɗan yi magana, sannan ya rage.

"Ku saurara. Wanda ya yi juyi, Kaduna zai fara kamawa. Sannan wace gwamnati ce ke da injin da zai toshe Ingila da Jamus da Amurka da Rasha dare ɗaya, kowacce a zangonta? Na kusa yana isowa, na nesa ba ya isowa. Na nesa kuwa ta sama yake biyowa. Can matsalar take."

Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Wata, taurari, jemagu suna fita daga bishiyar mangwaro. Babu komai. A daidai wannan lokacin mutanen kudancin Ingila suna tsaitsaye a ƙofar gidajensu suna kallon sama ta yi jawur, kuma a daren an ga irin wannan haske har Florida da Kyuba, inda ba a saba ganinsa ba. Mu namu rabon ta kunne ya zo. Maganar Kawu ta kwantar wa majalisa hankali rabi da rabi, amma ni na kwana ina sauraron ko zan ji ƙugin motocin soja daga wajen Ƙofar Doka.

Da tashoshin suka dawo muka ji cewa wata guguwa daga rana ta kashe wutar lantarki a lardin Kwibek na Kanada, mutum miliyan 6 sun zauna babu wuta awa 9. Majalisa ta yi dariya har da riƙe ciki. Awa tara! Tela ya ce a aiko su Tudun Wada su yi kwas. Ba wanda ya haɗa labarin da abin da ya same mu in ban da Kawu, wanda ya ciro kwalin nan nasa ya duba ya mayar. Ni kuwa na ɗauka guguwar rana wata iska ce mai zafi da ke karya turakun wuta.

Sai da na shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ina karatun fiziks zaren ya fara warwaruwa, kuma daga wani ɗan abu ya faro. An ba mu wata allurar maganaɗisu da ke juyawa sama da ƙasa, aka ce mu auna yadda take sunkuyawa. A littafin da muke bi, wanda aka rubuta a Ingila, allurar takan yi goho sosai, kanta ya nufi ƙasa. Tamu ta kwanta shame-shame ta ƙi sunkuyawa. Muka kai ƙara cewa ta lalace. Malamin ya yi murmushi ya ce, "Lafiyarta ƙalau. A Zariya kuke." Duniya kanta maganaɗisu ce, layukan ƙarfinta suna fita daga kudu su lanƙwasa su shiga ta arewa, kuma akwai wani zobe da ya kewaye ta inda layukan suke kwance daidai da ƙasa. Zoben nan ya ratsa arewacin Nijeriya, kusa da mu ƙwarai. Saboda kwanciyar layukan, a kimanin kilomita 105 bisa kawunanmu akwai wani kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 da ke kwarara gabas kullum da rana. A Huwankayo ta ƙasar Peru aka fara lura da alamarsa bayan buɗe tashar awo a 1922, Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana nazarinsa daga Ibadan, ita kuma Rosemary Hutton, 'yar Sikotilan, ta koyar a sashenmu na Samaru daga 1963 zuwa 1968 tana bibiyar sa, har da ranakun da yake juyawa ya kwarara yamma. An haife ni a ƙarƙashin wannan abu, na yi wasan ƙwallo a ƙarƙashinsa, ban taɓa jin labarinsa ba sai ranar.

Daga nan na gane cewa abubuwa biyu ne daban suka same mu a wancan mako. Sama da kilomita 60 iska takan yi siriri, hasken rana yana fizge ilektaron daga ƙwayoyinta har ta zama mai ɗaukar lantarki. Wannan shimfiɗa ita ce ayonosfiya, ita ke lanƙwasa saƙon gajeren zango ta maido shi ƙasa a wata nahiya. Muryar da muke cewa ta Landan ma, yawanci daga tsibirin Asenshan da ke tsakiyar tekun Atilantika ake cillo mana ita. A farkon Maris ɗin wani ƙaton tabo ya bayyana a fuskar rana, masana suka ba shi lamba 5395. Duk sa'ad da ya yi tartsatsi, hasken eksire yakan iso cikin minti 8 ya kumbura ƙasan ayonosfiya, ita kuma sai ta haɗiye saƙon maimakon ta bar shi ya wuce. Gefen duniyar da ke fuskantar rana kaɗai abin yake shafa. Dattijon Gyallesu ya faɗi daidai, da rana take ƙin magana. Kuma saƙon mita 16 ya fi na mita 31 jure haɗiyar, shi ya sa yake riga dawowa.

Na daren 13 ga wata kuwa wani al'amari ne. Ranar 10 ga Maris tabon ya yi aman wani gajimaren iska mai lantarki, wanda ya yi tafiyar kwana biyu da rabi kafin ya iso. Ƙarfin maganaɗisun duniya yana yi mana garkuwa daga irin wannan. Ta ɓangaren rana garkuwar a matse take, kimanin kilomita 60,000 daga nan, ta ɓangaren dare kuwa ta miƙe ta zama doguwar wutsiya har ta wuce wata. Idan maganaɗisun da gajimaren ya ɗauko ya fuskanci kudu, sai ya ƙulla da namu, ya riƙa jan layukanmu yana tara su a wutsiyar. Duk wanda ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo ya san abin da ke biyo baya: a ja, a ja, ya yi siriri, sannan a saki. Jan yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Sakin kuwa cikin mintoci ne, layukan su zabura su komo wajen duniya, ilektaron su gangaro ta kansu su afka wa iskar sama a ƙuryar arewa da ta kudu, iskar ta kama haske, kore a wajen kilomita 100 zuwa 150, ja a sama da 200. Shi ne hasken orora. Wani Bajapane mai aiki a Alaska, Syun-Ichi Akasofu, shi ya tsara yadda abin yake gudana a 1964, bayan ya bi ɗimbin hotunan sama da aka ɗauka a 1957 da 1958: wani zaren haske da ke kwance lumui wajen tsakar dare ya haska farat ɗaya, ya fashe, ya bazu arewa da yamma, bayan awa biyu ko uku komai ya lafa. 'Yar guguwa ke nan. Ko a ranakun da ba a jin labari takan faru. A dare irin na 13 ga Maris kuwa, wata ba ta gama lafawa ba wata ta taso.

To ina ruwan Tudun Wada da abin da ke faruwa a saman Alaska? Ayonosfiya shimfiɗa ɗaya ce, ba a yanka ta ƙasa-ƙasa ba. Ƙarfin lantarkin da aka ɗora mata a ƙuryar arewa yana iya zarcewa har tsakiyar duniya kusan nan take. Tun 1968 Atsuhiro Nishida ya nuna cewa allurar awo a yankin zoben nan namu tana rawa lokaci ɗaya da ta can. Da rana, abin yakan ƙara wa kogin samanmu ƙarfi ko ya juya shi baya. Bayan faɗuwar rana kuma yakan ɗaga saman ayonosfiya ko ya danne shi, shimfiɗar ta yi ramuka da kumfa, saƙon da ya ratsa ta ya iso ta hanyoyi da yawa yana karo da kansa. Karkarwar da na ji a muryar mai karanta labarai irin wannan ce. Abin da ke ba ni takaici har yanzu shi ne yadda muke koya wa yara orora a matsayin kayan kallon Turawa, hoto a kalanda, alhali masu binciken duniya suna ƙishirwar awon da sai a ƙasa irin tamu ake iya ɗaukarsa.

Wani hutu na koma shagon da takarduna, ina ji da kaina, na zana wa Kawu komai a bayan kwali. Ya saurara har na gama, gilashinsa a kan hanci. Sannan ya ɗora yatsa a inda na zana ilektaron suna saukowa.

"Na ji sun sauko. Ta ina suke komawa? Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa."

Mutumin da iyakarsa firamare ya ɗora yatsa a kan tambayar da ta raba kan masana fiye da shekara hamsin. Kristian Birkeland na Norwe ya ce tun 1908 akwai lantarki da ke bin layukan maganaɗisu tsakanin sararin samaniya da iskar sama, manya suka ƙi yarda, har da Chapman, sai da taurarin ɗan'adam suka auna shi daga ƙarshen shekarun 1960. Na ce masa akwai lantarkin da ke ratsa wutsiyar daga gefe zuwa gefe. Idan 'yar guguwa ta ɓarke, hanyarsa takan yanke, sai ya karkato ya sauko ta layukan da ke gabas, ya bi cikin ayonosfiya ya yi yamma, ya sake hawa ta layukan da ke can ya koma wutsiya. Ita ma ayonosfiya ba zaman karɓa kawai take yi ba. Inda hasken ya fi ƙarfi nan ta fi buɗe wa lantarki hanya, nan kuma ya fi bi, sannan in ta ɗau zafi takan tura nata ƙwayoyin iskar sama su shiga wutsiyar. Kowanne yana juya ɗan'uwansa. Lokacin ana ta jayayya a kan inda abin yake fara tsinkewa, kusa da duniya ko can nesa. Sai a 2007 Amurka ta harba taurari 5 na shirin THEMIS don wannan tambaya kaɗai, kuma a wata guguwa ta Fabrairun 2008 suka ga tsinkewar ta faru a kusan sulusin hanyar zuwa wata, hasken ya biyo bayan kimanin minti ɗaya da rabi. Ko da hakan ba kowa ya ajiye musu ba.

Kawu ya bi zanen da fensir, daga wutsiya zuwa ƙasa, ya yi yamma, ya hau. "To, yanzu layi ya haɗu. Ƙarfinsa nawa?"

"Yakan kai amfiya miliyan ɗaya, Kawu."

Ya cire gilashin. Shi da ke aiki da abin da bai kai amfiya ɗaya ba. "Miliyan? Kuma babu fis?"

Na ce a sama babu. Amma idan lantarki mai wannan yawa ya yi ta hawa da sauka a kilomita 100 bisa ƙasa, yakan haifar da wani a cikin ƙasar da cikin dogayen wayoyin wuta. Kwibek tana kan dutsen da ba ya ɗaukar lantarki sosai, ga wayoyinta masu tsawon ɗaruruwan kilomita daga madatsun ruwa na arewa, don haka ta cikinsu ya bi. Da ƙarfe 2:44 na darensu, wato 8:44 na safiyar Litinin ɗin a agogonmu, ina aji ana kiran suna, na'urorin kariya suka fara katsewa ɗaya bayan ɗaya, cikin kimanin daƙiƙa 90 lardin ya yi duhu.

"Ai sun yi aikinsu ke nan," in ji shi. "Gara su katse da taransifoma ta ƙone."

Na ce wata ta ƙone ɗin, a tashar nukiliya ta Salem da ke jihar New Jersey a Amurka. Ya tambaye ni ko an gyara ta ko sabuwa aka sa. Na ce canza ta aka yi. Ya girgiza kai, ya ce da ma ya san Turawa ba sa naɗin waya, sannan ya miƙo mini wata Sharp da wata mata ta kawo tun safe ya ce in kwance bayanta.